Kambun Ruwan Rawayya

SHAFI NA 19

Na ga saƙonninku, har da na masu zagi a fakaice. Maimuna ta Tsafe, ke da kika rantse in Jatau ya rasa fadamar nan kin daina karanta ni, ki gyara zama tukuna, ai ban ce komai ba. Mu koma Rawayya, a shekarar da aikin hanyar jirgin ƙasa ya iso Gusau.

* * *

Da hantsi Maijidda ta zaunar da mijinta a bayan rumbu, inda ko mai leƙe ta danga ba zai hango su ba. Ta durƙusa ta kwance tsumman da ke ɗaure a idon sawunsa na dama.

Kurkunun yana nan, fari fat kamar zaren abawa, a naɗe jikin ɗan tsinke. Yau kwana tara da ya fasa fata ya leƙo, kuma kowace safiya ita ke murza tsinken, kaɗan-kaɗan, da ta ji ya tirje ta tsaya. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a yi wa kurkunu gaggawa. In ya tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura kamar turmi, mutum ya yi watanni a kwance, wani ma ba ya sake miƙe ta har ya mutu.

"Yau ma bai biyo da yawa ba," in ji ta.

"To."

"Da zahi?"

"A'a."

Ba ƙarya Jatau ya yi ba. Tun shekaranjiya ya daina jin zafin, ko kuma ya daina kula shi, shi kansa bai san wanne ba ne. Yana zaune yana kallon wata kaza tana tonon ƙasa a gindin rumbu, kamar ƙafar da ake murzawa ta maƙwabci ce.

"Saura kwana nawa wasan?"

"Huɗu."

"Wanga abu ko wata guda bai isa ya hita ba."

"Na sani."

Ta mayar da tsumman ta ɗaure.

Kwana huɗu ya rage samarin Rawayya su gamu da na Kucheri a filin bayan kasuwar Gusau, langar da ake yi sau ɗaya duk kaka. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya yi tsalle da ɗaya, wanda ya faɗi ko ya saki ya mutu. Amma duk turereniyar nan a kan mutum ɗaya ake yin ta, wato ruwa. In ruwa ya ratsa ya kai masha, wato wurin da aka shata a ƙarshen fili, garinsu ya ci. In aka kayar da shi, ko sauran duk suna tsaye, an gama. Kaka huɗu a jere Jatau ne ruwan Rawayya, shi ke ɗaure da kambun jar fata a damtse, kuma sau huɗun nan ba wanda ya kai shi ƙasa.

Ba don Allah kawai yake yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baƙo ne a garin, yunwa ce ta koro su yana yaro, ubansa ya mutu bai mallaki ko taki ɗaya na ƙasa ba. Baba Labbo, uban wasan Rawayya, shi ya ba shi fadamar bakin rafi a gaban liman da dattawa, aka raba goro, a kan sharaɗi ɗaya: ya tsaya ruwa kaka biyar, fadama ta zama tasa da 'ya'yansa. In bai cika ba, ta koma hannun mai ita.

Bana ce ta biyar.

Sallama suka ji daga zaure, muryar da ba ta buƙatar a tambayi ko wane ne.

Maijidda ta miƙe da sauri har ƙwaryar ruwan ɗumi ta kife. Jatau ya dube ta, ya dubi ruwan yana bin ƙasa. Ya saki ƙafar wandonsa ta rufe tsumman, ya tashi ya fita yana taka ƙafar daidai, yadda ya saba yi a gaban mutane kwana taran nan.

* * *

Baba Labbo na zaune a kan dakalin zaure, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, goro a kunci. Shi ma ya yi ruwa a zamaninsa, tun kafin zuwan Nasara, kuma har yau in yana kallon mutum daga ƙafa yake farawa.

Jatau ya durƙusa ya gaishe shi. Suka yi ta lafiya lau, lafiya lau, har gaisuwar ta ƙare don kanta.

"Tashi," in ji tsohon.

Ya tashi.

"Kama ƙahwa."

Jatau ya kai hannu baya ya ɗago ta dama, ya tsaya a kan hagu.

Baba Labbo ya tauna goronsa sau biyu.

"Shekara huɗu ina kallonka, ban taɓa ganin ka tsaya bisa hagu ba. Kama waccan."

Jatau bai motsa ba.

"To, zamna."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango.

"Kututture na yab buge ni, Baba. Na hwaɗa ma abokina Hamidu."

"Kututturen da aka naɗewa ga tsinke?"

Jatau ya sunkuyar da kai. A waje wani yana kora jakuna, ana jin ƙarar mangala tana gogar danga.

"Ni ban zo hwaɗa ba," in ji Baba Labbo. "Ciwo ba kai kas sa ma kanka ba. Amma gari na tambayata wa ar ruwa bana, ni ko ban da amsa. Samari sun rabu biyu, wasu na cewa kai, wasu na cewa yaron ga Mas'udu. Jiya har anka kusa dambe bakin rijiya. Haka za mu tai Gusau?"

"Ni na ruwa."

"Da wace ƙahwa?"

"Da wadda Allah Ya bar min."

"Kucheri na da wani ƙato bana, an ce buhun gero shika ɗauka da haƙori. In yad dake ka sau guda, kai da tahiya sai a lahira."

Jatau ya ɗaga kafaɗa. Maganar ta wuce ta kansa kamar ana ba da labarin wani.

"Baba, hwadamag ga da kab ba ni, ƙaya ta da kututture. Ni nis sare. Ni nig gina rijiya biyu ciki. Rakken da ke tsaye yanzu, ni nid dasa."

"Ban musa ba."

"Kaka huɗu na cika. A bar min bana in yi jinya, baɗi in cika ta biyat."

"In Mas'udu yak kai masha bana, wa za ya kwance mai kambu baɗi ya ba ka? Kai ka san garin ga. Ruwa biyu ba su zama gari guda."

"To a raba hwadamar. A ba ni gwargwadon abin da niy yi."

"Gaban liman munka ce biyat. Ba mu ce huɗu da rabo ba. Kuma ɗiyan ƙanena na nan sun zuba ido, tun ranar da nib ba ka suka cewa na kyautar da gadonsu don wasa. In na ba ka ba ka cika ba, gaban alƙali za mu kwana, kuma su ad da gaskiya."

Wannan ita ce matsalar Baba Labbo, ba ya ƙarya. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, mutum ya tsane shi ya huta.

Tsohon ya gyara riƙon sanda, ya sassauta murya.

"Ga abin da nika iyawa. Ka kwance kambu da hannunka ka ba Mas'udu. Ka sare rakkenka na bana, naka na. Baɗi in ba ka aron rabin hwadamar, ka noma, ba mai korar ka ina da rai."

"Aro."

"Aro."

"Shekarunka nawa, Baba?"

Tsohon bai ji haushi ba. Ya tofar da tuƙar goro gefe.

"Da yawa. Shi ya sa nic ce ina da rai, ban ƙara komi bisa ba."

Jatau ya dubi damtsensa, inda kambun ya yi masa shaida a fata.

"Mas'udu bai san kiran ba. Bai san sa'ad da aka buɗa dama a rufe hagu ba. Kwana huɗu ba su isa ya koya."

"Yau kwana takwas shina koyo bayan dutsi. Shi da samari duka."

"Da Hamidu?"

"Hamidu na ka tsaron gabanai."

Hamidu, wanda kaka huɗu shi ke gaban Jatau a fili yana karɓar duka a madadinsa, wanda suke cin tuwo a akushi ɗaya. Jatau ya jira ya ji abin ya soke shi. Bai ji ba. Abin da ya tsaya masa a rai wani ne daban.

Kwana takwas.

Ranar da kurkunun ya leƙo yau kwana tara, kuma ranar bai fita ko zaure ba. Ba wanzami, ba maƙwabci, ba kowa. Mutum ɗaya ne ya ga ƙafar.

"Wa yah hwaɗa maka, Baba?"

Baba Labbo ya miƙe yana dafa sanda.

"Abin da yas shiga ɗakin matata Luba, ya shigo kunnena. Matarka ta hi ka hankali, kada ka taɓa ta."

"Ban taɓa ta."

"Kambun hwa?"

"Ban kwancewa."

Tsohon ya daɗe yana dubansa.

"Ka san ni ban iya cire ma shi. Hakimi ma bai iyawa. Ko ka kwance da hannunka, ko a kai ka ƙasa gaban jama'a. Haka munka ishe, haka anka yi min."

"Na sani."

"To, la'asar. Ka zo hili."

* * *

Ya same ta a tsakar gida tana zaune a kan turmin da ta kifar, 'yarsu Hanatu na barci a bayanta. Ba ta daka, ba ta tankaɗe, hannuwanta a kan cinya. Danga ba ta tare magana, da gani ta ji.

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya miƙe ƙafar.

"Akwai hura?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Akwai."

Ta kawo, ya karɓa ya sha ludayi uku. Ya ajiye.

"Ke ta."

"Ni ta."

"Yaushe?"

"Ranar da yal leƙo. Da kay yi kwana, nit tai wurin Inna Luba."

"To."

Ya ɗauki ludayin ya sake sha. Maijidda ta fi son ya jefe ta da ƙwaryar, ko ya ɗaga murya maƙwabta su shigo. Wannan "to" ɗin ta fi mata duka ciwo.

"Ba ka tambayata don mi?"

"Don mi?"

"Babana." Muryarta ta yi ƙasa. "Kai ba ka ishe shi da ƙahwa ba, ka ishe shi shina ja da gindi. Kurkunu na. Yana tsaka da hita yac ce sai ya kai kaya kasuwar Bungudu, yat tsinke bisa hanya. Shekara bakwai ni ka ɗauke mai kasko. Ina da shekara tara nif fara. Ban iya sake yi, Maigida. Ko don hwadama goma."

"Uhm."

"Na ce Baba Labbo shi na uban wasa. In yac ce ka zamna, ka zamna, ka yi hushi da ni wata guda, ya wuce."

"Ba hakanan aka yi ba."

"Kamar yaya?"

Sai a lokacin ya gane ba ta ji ƙarshen maganar zaure ba, ko ta ji ba ta fahimta ba. 'Yar Bungudu ce, an kawo ta Rawayya kambu na hannunsa, ba ta taɓa ganin yadda ake raba ruwa da shi ba.

"Ba a cire ruwa da baki," ya ce, a hankali, kamar mai faɗin farashin gishiri. "Da ba ki hwaɗi ba, da sai ranar wasa in shiga, in laɓe bayan Hamidu, wataƙila in kai, wataƙila in kasa. Yanzu tunda an sani, sai an gwada ni. A hito da wani ya kama ƙahwa, in kama, ya bangaje ni har in hwaɗi."

"Yaushe?"

"Yau."

 Hannunta ya koma baya ya dafa Hanatu, ba don yarinyar ta motsa ba.

"Ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba."

"Wallahi ban sani ba."

"Na ji."

Ta sauko daga kan turmin ta durƙusa a gabansa, ta kama gefen rigarsa.

"To ka kwance. Don girman Allah ka kwance ka ba su abinsu. Ya ce aro, mu karɓi aro."

"Babana aro yan noma. Shekara shidda shina kai taki da kai, ranar da gona tay yi kyau mai ita yaz zo yac ce ɗanai ya girma."

"To mu tai Gusau. An ce Sabon Gari ana ɗaukar masu aikin hanyar jirgi, kowa yaz zo."

"In ɗauki ƙasa ga kwano, in kwana rumfar kara."

"Da ƙahwa biyu."

Ya dube ta. Tana da gaskiya, ya san tana da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta motsa komai a cikinsa ba. Abin da yake gani kawai shi ne bakin rijiyar da ya gina a fadama, da yadda ƙasar wurin take baƙa in an juya ta. Bai taɓa cewa "tawa" a kan wani abu da ba a iya ɗauka a kai ba, kuma saura kwana huɗu ya faɗa.

"Ki ƙara ɗaure min shi," ya ce. "Da ƙarfi."

"Ban yi."

"To."

Ya jawo ƙafar ya fara kwance tsumman da kansa. Ta kalli yatsunsa, manya, masu kaushin fartanya, suna dab da tsinken. Ta ture hannunsa.

Ita ta ɗaure. Ta sa auduga ta tokare tsinken ta kowane gefe, ta naɗa tsumma biyu, ta ƙulle. Hawaye na zuba a kan hannunta, ba ta share ba, shi ma bai ce ta daina ba.

* * *

Kafin a sallame la'asar magana ta gama gari. Filin da ke gabas da kasuwa ya cika, maza a gaba, mata can baya wajen hanyar rijiya da tulunansu, wai ɗiban ruwa suka fito. Maijidda na cikinsu, ko tulun ba ta ɗauko ba.

Jatau ya iso shi kaɗai, ya tuɓe riga, ya rage daga shi sai warki da kambu. Samarin da ya saba shiga tsakiyarsu suna tsaye gefe guda, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mas'udu na ƙarshensu, siririn saurayi mai saurin tsiya, wanda Jatau da kansa ya koya wa yadda ake juyawa a kan dunduniya.

Ya lura tsakiyar filin ta canza. An zubo yashin rafi, mai laushi, kusan kwando ashirin, an baje. Da safe babu shi.

Baba Labbo ya daki ƙasa da sanda, surutu ya mutu.

"Jama'a, kun san abin da yat tara mu. Jatau, gaban kowa ina tambayarka. Kana kwancewa?"

"A'a, Baba."

"To. Gwaji sau guda na ga kaka. In yah hwaɗi ko yas saki, kambu ya dawo hannuna. In wanda anka hitar yah hwaɗi ko yas saki, magana ta mutu. Hamidu."

Wani gunaguni ya bi cikin mutane. Hamidu ya fito, ƙato, kafaɗunsa duk tabon dukan da ya karɓar wa Jatau. Bai tsaya inda ake tsayawa ba, sai da ya zo dab da shi, yadda ba mai jin su.

"Sannu, Jatau."

"Sannu."

"Ni nic ce a ba ni. In wani na, ba ya sanin yadda za ya yi."

"Uhm."

"Ji nan. Ka kama mai ciwon, ka tsaya bisa hagu. In zo ta dama in taɓa ka kaɗan, ka tai bisa yashi, hannuna na ƙarƙashinka. Ko ƙasa ba ta taɓa wurin. Mu munka kwaso yashin ga tun azahar, ni da yara duka."

"Na gani. Kun sha aiki."

"Ba mai yi ma dariya. Kowa ya san ba a ka da kai da lahiya."

"Hwadama hwa?"

Hamidu ya kawar da kai.

"Ni ƙahwarka nika ji."

Ya koma wurinsa, taki goma, ya kai hannu baya ya kama ƙafa.

"Kama," in ji Baba Labbo.

Jatau ya tsaya jim. Ya ji iska a bayansa, ya ji wata akuya tana kuka can cikin gari. Zuciyarsa ba ta bugawa da sauri, ba ya jin tsoro, ba ya jin fushi. Ya kai hannun dama baya.

Ya ɗago ta hagu.

Duk nauyinsa ya sauka a kan mai tsumman.

Wata tsohuwa a cikin mata ta ce, "Innalillahi." 

"Jatau," in ji Hamidu daga inda yake. "Ba ita ba."

"Da ita nika wasa."

"Sauya."

"Taho."

Hamidu ya dubi Baba Labbo. Tsohon ya daina tauna goro, amma ba shi da ikon hanawa. Ruwa ke zaɓen ƙafarsa.

Hamidu ya yi tsalle ɗaya. Ya yi na biyu. Ƙasa na amsawa a ƙarƙashinsa. Jatau ya yi ɗan tsalle shi ma don ya daidaita, kuma da ya dira sai da kowa a filin ya ga yadda gwiwarsa ta karkata kafin ta miƙe.

Na uku. Na huɗu.

Yanzu tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Hamidu ya sunkuyar da kafaɗa yadda yake yi wa mutanen Kucheri. Ya san ko yaya ya taɓa shi, a kan idon sawun nan jikin zai murɗe kafin ya faɗi, yashi ko ba yashi.

"Saki, don Allah," ya ce, can ƙasa.

"Ka taɓa ganin na saki?"

"Kana da ɗiya."

"Don ita na."

Suka tsaya a haka, kowa a kan ƙafa ɗaya, suna ɗan rawa kamar zakaru. Gumi na bin fuskar Hamidu yana shiga idonsa. Jatau yana kallon wani ƙuda da ya sauka a kafaɗar abokinsa.

Sai Hamidu ya buɗe hannu.

Ƙafarsa ta sauka a ƙasa, tim.

Ya juya baya ya tsuguna, ya rufe fuska da tafuka.

Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya buga ganga. Wani saurayi ya fara tafi, ya ga shi kaɗai ne, ya bari.

Ɗaya daga cikin 'ya'yan ƙanen Baba Labbo ya kutso gaba.

"Wanga ba gwaji ba na, Baba. Da gangan yas saki. A hito da Mas'udu."

"Ko an hito da ni ban zuwa," in ji Mas'udu, kansa a ƙasa.

"Ba a hitowa da kowa," in ji tsohon. "Sau guda nic ce, gaban kowa."

Ya tako a hankali har gaban Jatau, wanda har yanzu yake riƙe da ƙafar hagu a baya. Ya dubi kambun, ya dubi tsumman. Fuskarsa ba ta nuna ya ji daɗi ko bai ji ba, sai dai ta ƙara tsufa.

"Kai na ruwa," ya ce, yadda kowa zai ji. Sannan ya rage murya. "Jibi da sassahe muna tashi. Ka san ruwa gaba shika tahiya, da ƙahwatai, ba bisa jaki ba, tun daga nan har Gusau. Kuma mutanen Kucheri ba Hamidu ba na."

"Na sani, Baba."

"Allah Ya kyauta."

Ya juya ya tafi. Mutane suka fara watsewa biyu-biyu, ba mai duban wani.

Hamidu ya taso ya zo, idonsa jawur.

"Sauke, an gama."

Jatau ya saki ƙafar hagu ta sauka. Ya ci. Fadama na nan, saura kwana huɗu. Ya nemi murnar a cikinsa, ya laluba ko'ina, bai same ta ba. Abin da ya samu shi ne wani ɗumi yana bin dunduniyarsa ta dama, a hankali, yana shiga tsakanin yatsu.

Maijidda ta ratso maza ba ta ko gyara mayafi ba, ta tsaya a gabansa. Ba fuskarsa take kallo ba.

"Ya tsinke?"

Jatau yana kallon hanyar Gusau.

"Ban duba ba."